Shawara Ce, 'Yata

Tsofaffin da ke zuwa asibitinmu ba sa iya kiran sunan Kindness, sai suka mayar da ita Kande, ita kuma ta karɓa hannu bibbiyu. Idan ka tsaya a layin karɓar kati ka ji wata murya daga bayan taga tana cewa, "Baba, sannu da zuwa, yaya jiki naki?" to ita ce. A Hausarta namiji da mace duk ɗaya ne. Na gyara mata har bakina ya gaji, na ƙyale ta, tunda su dattijan da take mayarwa mata dariya suke yi, har su sa mata albarka.

Ni sunana Rekiya. Na riga ta shiga ɗakin kati da shekaru masu yawa, kujerata tana kusa da tata, shi ya sa take kira na Anti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ko na faɗa babu abin da zai canza sai wurin zamana. Abin da nake so in ba da labarinsa shi ne yadda aka ɗora wa wata tsohuwa alhakin mutuwar jikanta, da yadda Kande ta yi wata da watanni tana neman ta don ta sauke mata wannan kaya.

Kande 'yar Binuwai ce, daga wani ƙauye a ƙasar Idoma. Tana budurwa wani kawunta ya ɗauko ta zuwa Karu don ta taya matarsa tsaron shago. A bakin shagon nan ta tsinci Hausa, a wurin masu kayan miya da 'yan acaɓa da maƙwabta, yau kalma ɗaya gobe biyu. Da ta samu sarari ta yi karatun adana bayanan lafiya, ta auri wani tela mai suna Ebenezer, suka haifi 'ya'ya biyu. Kullum tun duhu bai gama washewa ba take fitowa daga Karu, ta sha cunkoson hanya, amma ta iso da fara'arta kamar wadda aka kawo a motar gida. Ni da nake kusa ma sai in iso ina huci.

Tana alfahari da Hausarta ƙwarai. Cewa take yi, "Anti, ni ba a koya min a makaranta ba, da kunne na saya." Kuma gaskiya ce, Hausar ta yi mata rana. Mai jin tsoron Turanci, da wanda bai taɓa taka asibiti ba, da tsohuwar da 'ya'yanta suka turo ita kaɗai, duk tagar Kande suke nufa. Tawa tagar sai wanda ya rasa yadda zai yi, don an san ni ba na wasa.

Sai na faɗi yadda ɗakinmu yake, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Kantocin ajiya sun cika tun da daɗewa, saboda haka sauran katunan a buhunan shinkafa suke, an jingina su a bango. Da damina rufin yana yoyo, sai mu riƙa jan buhunan daga wannan kusurwa zuwa waccan. Abin da ruwa ya bari, gara da ɓeraye su raba. An taɓa kawo mana kwamfuta, manya suka zo aka ɗauki hoto da ita, aka lulluɓe ta da leda, tana nan har gobe. Idan mutum ya zo muka duba katinsa ba mu gani ba, ga layi har bakin ƙofa, sai a buɗe masa sabo. Akwai mai kati huɗu a ɗakin nan, kowanne da irin rubutun sunansa.

Cike katin ma wani abin takaici ne. Wurin suna a rubuta Maman Ammar, ko Baba, ko Iya. Wurin shekaru a sa babba ko yaro. Wurin adireshi a sa Abuja, in an yi ƙoƙari a sa Kado ko Jabi. Akwai wurin rubuta lokacin da mutum ya iso, amma ban taɓa ganin wanda ya cike shi ba, ni ma haka na tarar ana yi. Wurin ciwo kuwa, duk wanda jikinsa ya yi zafi maleriya ce, an gwada jini ko ba a gwada ba. Wata shekara masu bincike suka zo suna so su san unguwar da sauro ya fi addaba da watan da abin ya fi ƙamari. Suka wuni suna atishawa a cikin buhunan nan, suka tafi ba su samu abin kamawa ba. Mu ma da muke ciki ba mu sani ba. Iyakar saninmu, idan ruwa ya sauka layi yakan kai bakin titi, rabinsa yara ne a goye.

Wannan layin ne ya dami Kande. Ba mu da ma'aikaciyar jinya a bakin ƙofa da za ta tace wanda ya fi jigata, kowa bin layi yake yi ko da numfashinsa na fita da ƙyar. Sai ta ɗora wa kanta wani aiki da ba wanda ya sa ta. Duk wanda ya zo sai ta tambaye shi abin da ya kawo shi, ta rubuta da fensir a saman katin. Idan ta ji suma ko jijjiga ko zubar jini, sai ta tashi da kanta ta kai katin gaba. Mutane da yawa sun rayu ta dalilin fensirin nan, na gani da idona. Shi ya sa abin da ya biyo baya yake ci mini rai.

Ranar da abin ya faru ba na nan, an aike ni kai rahoton wata ofishin lafiya. Abin da zan faɗa daga bakin Kande na ji shi, da bakin Meshach, wani dattijo mai tura gadon marasa lafiya.

Tsakiyar damina ce, an tashi da ruwa. Ana buɗe taga, cikin mutanen farko akwai wata tsohuwa siririya, tana warin hayaƙin bandar kifi, da yaro a bayanta ta rufe shi ruf da mayafi saboda ruwa. Ƙafafunsa kawai ake gani, suna lilo har kusan gwiwarta, don ya wuce goyo.

Kande ta ce, "Iya, sannu. Sunan yaro?"

"Abdulmajeed."

"Ta taɓa zuwa nan?"

"Mun zo da shi farkon damina, da zazzaɓi."

Kande ta shiga ta duba, ba ta ga katin ba. Ta dawo ta buɗe sabo. Ta tambayi unguwa, tsohuwa ta ce Kado. Ta tambayi lambar waya, tsohuwa ta ce ita ba ta riƙe waya. Mutane suna ta turo hannu ta taga, sai ta wuce wurin. Sannan ta ɗauki fensirinta.

"To Iya, mene ne ya kawo ki?"

Tsohuwar ta matso da bakinta kusa da taga ta ce, "Shawara ce, 'yata. Uwarsa ce ta ce in kawo shi nan kai tsaye, kada in biya ko'ina."

Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san shawara biyu ce. Akwai wadda ake nema a wurin manya, akwai kuma ciwon da ke mayar da idon mutum ruwan ɗorawa. Kande ta farkon kawai ta sani. A bakin shago a Karu ba wanda ya taɓa kawo mata ta biyun, kuma a shekarun da ta yi a taga masu wannan ciwon sukan ce mata ido ya canza, ko su buɗe mata idon ta gani. Ta rubuta da Turanci cewa neman shawara suka zo.

Muna da wani ɗaki a ƙarshen baranda inda wata ma'aikaciyar jinya take zama da iyaye bayan azahar, tana yi musu bayanin abincin yara da gidan sauro da tazarar haihuwa. Can Kande ta nufa da su. Saboda tausayi ma ta fito da kanta, ta cire tsohuwar daga layi, ta riƙe mata hannu har bencin da ruwa ba ya tsallakowa, ta ce, "Ki zauna nan, Iya, ba sai kin sha wahalan layi ba. Za a kira ki."

Tsohuwa ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta zauna.

Irin tsofaffinmu ne da idan mai farin kaya ya ce su zauna, za su zauna har ƙasa ta naɗe. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta bi kowa tana roƙo ba. Meshach ya ce ya wuce ta ba sau ɗaya ba, ya ga ta kwanto yaron ta rungume, yaron ya yi amai ta goge da bakin zaninta, ta sake rufe shi. Ya ɗauka an riga an gan su, magani suke jira. Sai bayan azahar da ya sake wucewa ya ga mayafin yana karkarwa. Ya yaye, ya ga yaro yana jijjiga, idanunsa sun kafe, sun yi ruwan ɗorawa. Ya sungume shi ya ruga ɗakin gaggawa, tsohuwa tana bin sa takalmi a hannu. Aka gwada jini, maleriya ce ta cinye jinin, ita ta kawo shawarar. Aka yi ta ƙoƙarin neman jijiya da neman jinin da za a ƙara masa. Kafin la'asar ya cika.

Ana cikin haka uwar yaron ta iso. Sumayyah sunanta, abinci take sayarwa, ta bar tukwanenta ta taho da ta ji shiru. Tana shigowa ta tarar da ma'aikaciyar jinyar ɗakin gaggawa tana faɗa wa tsohuwar abin da suka saba faɗa wa kowa: "Kullum haka kuke yi. Sai kun gama jiƙe-jiƙenku a gida, yaro ya galabaita, sannan ku kawo mana shi a makare."

Meshach ya ce Sumayyah ba ta ko kalli gawar ba tukuna, uwarta ta juya wa. Ashe da asuba sun yi gardama a gida. Iya ta ce shawara ba ta son allura, a kai shi wurin mai maganin gargajiya. Sumayyah ta ce a'a, asibiti, ta roƙe ta kada ta biya ko'ina. Yanzu ga mai farin kaya tana cewa an zo a makare.

"Iya, wurin mai magani kika kai shi ko? Bayan na roƙe ki?"

"Wallahi tun safe nake nan."

"Tun safe kina nan ba a gan shi ba? A asibiti?"

"Wallahi tun safe nake nan. Yarinyar ta ce in zauna."

Aka ɗauko kati a duba. Babu lokaci a jiki. Ma'aikaciyar ta ce ita dai bayan azahar aka kawo mata shi. Sumayyah ta zube ƙasa tana cewa uwarta ta kashe mata ɗa, mutane suka taru, wasu suna ba ta haƙuri, wasu suna yi wa tsohuwa kallon banza. Maza daga unguwarsu suka zo suka ɗauki gawar a yammacin don a samu a binne kafin magariba. Duk wannan a ɗaya ɓangaren asibitin aka yi shi. Kande tana tagarta tana fama da layi, ba ta san wainar da ake toyawa ba, ta tashi aiki ta hau motar Karu.

Washegari na iso na tarar da Meshach a bakin tagarmu yana ba da labari. Kande tana ji tana girgiza kai, sai ta ce, "Ayya, wannan Iya ai na san ta, ni na buɗe mata kati da safe. Amma Anti, yaya yaro zai mutu? Ba ciwo ya kawo su ba fa. Shawara kawai ta zo."

Na ce, "Me ta ce miki? Faɗa mini yadda ta faɗa."

"Ta ce shawara ce, 'yata."

Na ja Kande cikin buhunan, inda ba mai ganin mu, na faɗa mata ɗaya ma'anar. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Sai ta zauna a kan buhun kati, ta ɗora hannu biyu a ka. Can ta ce da ƙaramar murya, "Ni na cire ta a layi, Anti. Da na bar ta a layi da an gan shi."

Na zaci za ta ɓoye, don mutum ne. Ba ta ɓoye ba. A ranar ta shiga ofishin shugabanmu, Oga Thaddeus, ta faɗa masa komai. Shi ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya saurare ta, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ba wanda ya kawo ƙara, kati bai nuna komai ba, tambayar ciwo ma ba aikinta ba ne tun farko. Ya ce ta daina rubutun fensir, ta koma bakin aikinta. Ta fito ba a hukunta ta ba, kuma ina ganin da an hukunta ta da ta fi samun sauƙi.

Ta ce mini, "Yaro ya tafi, ba zan iya dawo da shi ba. Amma wannan Iya, 'yarta tana gani ita ta kashe. Ni kaɗai na san ana buɗe taga ta zo. Dole in je in faɗa."

Muka nemo katin a ɗakin gaggawa, da ƙyar aka same shi a ƙarƙashin wasu. Abdulmajeed. Yaro. Kado. Maleriya. Shi ke nan. Babu sunan uba, babu lamba, babu kwatance. Wanda ya karɓi gawa ya yi wani ɗan zane a wurin sa hannu, ko shi ba zai iya karantawa ba. Kande ta tsaya tana kallon rubutunta na kanta. Sau nawa muka cike kati haka muka wuce, ba mu taɓa tunanin wata rana mu ne za mu bi shi neman mutum ba.

Abin da ta riƙe kawai shi ne warin banda. Ranar Asabar ta hau mota daga Karu zuwa kasuwar kifi ta Kado, na bi ta don kada Hausa ta sake yi mata gardama. Muna shiga aka yi mana caa, wannan na jan mu ga tarwaɗa, wancan ga karfasa. Muka ce Iya muke nema. Wani mai yankan kifi ya yi dariya ya nuna da wuƙarsa: "Ga Iya can, ga Iya nan, waccan ma Iya ce. Wacce za a ba ku?" Muka ce wadda jikanta ya rasu da zazzaɓi. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Hajiya, a daminar nan? Ai sai ki ce wane gida ne ba a yi ba."

Haka muka bi bayan kasuwar, cikin gidajen kwano da kwatoci masu ruwa kwance, sauro yana tashi da rana tsaka. Aka kai mu gidan wata Iya da ta rasa jika, ba ita ba ce. Aka kai mu gidan wata, ita ma ba ita ba. Kowane gida sai mun zauna mun yi ta'aziyya, don ba a shiga gidan rasuwa a fita haka. Ni na gaji bayan 'yan makonni, gwiwoyina ba sa ɗauka, na ce mata ta bar wa Allah. Ta ce to, amma Asabar na zagayowa ta koma ita kaɗai.

Mijinta ya yi faɗa ya gaji. Ya ce tana da 'ya'yanta da ke buƙatar ta ranar hutu. Ta ce masa uwarta tana ƙauye, ita ma idan aka ce ta zauna a benci zama za ta yi, kuma ba za ta so a bar ta da irin wannan kaya ba. Daga nan ya daina magana, wani lokaci ma shi yake raka ta bakin titi.

A wurin aiki ta zama wata daban. Wasan da take yi da tsofaffi ya ragu. Ta daina yarda da kunnenta. Da an samu sarari sai ta juyo: "Anti, akwai wani kalma kuma mai fuska biyu?" Na faɗa mata sanyi, na faɗa mata daji, da iska, da rana. Kowacce sai ta maimaita, ta tambayi yadda mai ita yake kama. Fensir kuwa ba ta ajiye ba, duk da maganar Oga. Abin da ta ƙara shi ne, duk yaron da aka zo da shi a rufe sai ta fito ta yaye mayafin ta duba idonsa. Kuma ba ta sakin kati sai ta rubuta lokaci da sunan uba da kwatancen gida, kusa da wane masallaci, bayan shagon wa. Layinta ya koma tafiyar hawainiya, mutane suna tsaki, wasu suna dawowa tagata. Ni da nake yi wa kowa faɗan ɓata lokaci ban taɓa ce mata ta yi sauri ba.

Damina ta wuce, rani ya wuce. Sai da ruwa ya sake sauka, wata Litinin Kande ta shigo da sauri ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ce ta samu wata mai banda da ta daɗe ba ta gari, ta ce ta san Iya, 'yar Yawuri ce, tare suke banda. Ta ce tsohuwar ta koma gida tuntuni, amma 'yarta tana sayar da abinci a tashar Jabi. Kande ta kama hannuna ta ce, "Anti, ki bi ni. Ina tsoro kada in faɗa ba daidai ba."

Muka nemi izini muka tafi da hantsi. A bayan motocin da ke lodi muka samu Sumayyah, ƙarƙashin wata rumfar leda, tana zuba wa direbobi shinkafa da wake. Doguwa ce, ba ta da jiki, fuskarta ba walwala. Muka jira har mutane suka ragu. Na yi sallama, na ce daga asibiti muke, a kan maganar Abdulmajeed. Ludayin ya tsaya a hannunta.

Kande ta durƙusa a ƙasa, cikin taɓo, da kayan aikinta. Ba ta bar ni na yi magana ba. Da Hausarta mai karyewa ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta kare kanta ba. Ta ce Iya tana cikin mutanen farko da suka zo. Ta ce ita ce ba ta gane kalmar ba, ita ta cire ta daga layi ta zaunar da ita. Ta ce, "Mamanki ba ta yi laifi ba. Ni ne. Ki kai ni wurinta in faɗa mata da bakina, ko Yawuri ne zan je."

Sumayyah ta ajiye ludayin a hankali. Ta ce, "Da safe ta zo?"

"Da safe. Ana buɗe taga."

"Ba ta biya ko'ina ba?"

"Ita ma ta faɗa min. Ta ce uwarsa ce ta ce in kawo shi nan kai tsaye, kada in biya ko'ina."

Sai Sumayyah ta zauna a kan bencin masu cin abinci, tana kallon tukunya. Da ta buɗe baki ba da mu take ba, kamar da kanta take magana. Ta ce tun daga ranar ba ta sake cin abin da uwarta ta dafa ba. Suna ɗaki ɗaya, gaisuwa kawai. Kullum tsohuwar sai ta ce wallahi tun safe take can, ita kuma ta tashi ta bar mata wurin. Da abin ya ishi Iya ta ɗaure kayanta ta ce za ta gida. A tashar nan ta hau mota, ga wurin can. Ta leƙo ta taga ta sake faɗar maganar, ita kuma ta juya ta ci gaba da zuba abinci.

Kande ta ce, "Yanzu tana ina?"

"Ta rasu da azumi. Ban je jinya ba. Sai gaisuwa na je."

Tashar tana ta hayaniyarta, 'yan kamasho suna kiran gari, wani yana buga wa Sumayyah kwano yana neman ƙari. Kande tana durƙushe tana kuka kamar ranta zai fita, ni ma na kasa riƙe nawa. Na jira matar nan ta zage mu, ko ta watsa mana ruwan zafi, wallahi da ta yi ba zan ga laifinta ba. Ba ta yi ba. Ba ta kuma ce ta yafe ba.

Sai ta miƙa hannu ta ɗago Kande daga cikin taɓon, ta kalle ta, ta kalle ni.

Ta ce, "Ki tashi, baiwar Allah. Kin makara, ni ma na makara. Duk cikinmu ita kaɗai ce ta zo da wuri."